Ba Zan Dangwala Ba

Laraba, bayan isha'i, Mabai

Alhamdu lillahi, ni da jikata Hadiza mun dawo gida da ƙafafunmu.

Da hantsi na raka ta banki a Ƙanƙara buɗe asusu, aka ce sai na sa hannu. Ma'aikacin ya turo tawada ya ce, "Baba, dangwala kawai, ana jira." Na ce shekara uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, ba zan dangwala ba. Hadiza ta ce, "Tsoho, kafin ka rubuta Abdulmumini an kira azahar!"

Ina kan harafi na shida harbi ya ɓarke a bakin ƙofa. 'Yan fashi ne da manyan bindigogi, 'yan sanda na mayar da wuta. Muka kwanta ƙasa, na lulluɓe ta da rigata. Da na dangwala, da muna ƙofar nan. Mai gadin bankin da harbi ya samu yana asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Da aka kori 'yan fashin, Hadiza ta tsinto birona tana hawaye, ta ce, "Ƙarasa, Alhaji. A hankali."