Giwar da Tela bai gani ba

Zuwa ga angona,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda kai ne ɗan boko: ba shi da ƙafa, ba shi da murya, ya kori manyan dawa, ya jawo tsoho. Mene ne? Kar ka wahalar da kanka leƙa ƙarshen takarda, ban sa amsar a can ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya tarin nan naka? Yaya yarinyar da ka ajiye a gida kake cewa ta fi ni kyau? Ka gaishe ta, ban yi fushi ba.

Mun dawo daga gandun dajin da ka tura mu, Allah ya yi maka albarka. Ka san tun da likita ya ce idon kakanka Tela yana tafiya, ba shi da zance sai na giwa. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki yana yi muku giwar tsumma, kunne ɗaya ya fi ɗaya, bai taɓa ganin ta gaske ba. Ya ce yana so ya duba ko ya yi mata adalci tun yana iya gani.

Mun ga barewa, mun ga gwanki, mun ga gadu yana gudu da wutsiya a tsaye kamar eriyar rediyo. Wani gwaggon biri ya hau murfin mota yana sosa ciki, na ce wa Tela ga jikanka ya biyo mu. Wannan kam ya gan shi, don kusa yake, ya ce har goshin naka ne.

Mai rakiyarmu wata doguwar ma'aikaciya ce mai kaki. Ta ce da asuba za mu hau rumfar katako a bakin tafki, inda giwaye ke shan ruwa. Ban da surutu, ban da tufafi masu haske, ban da turare, domin giwa idonta ba kirki amma hancinta ba ya kuskure. Da ta ce ban da surutu, ni ta kalla.

Surutu na riƙe shi, har cikina ya kumbura. Amma ka san kwanakin nan da hanci kakanka yake nemana. In na shigo ɗaki ba ya ganin fuskata, ƙamshi yake ji ya juyo daidai inda nake. Ga wuri baƙo, ga saiwoyi a hanya, ga matakala. Na ce ɗan ɗigo daga kwalbata a bayan kunne da bakin mayafi, wa zai sani?

Sun zo, angona. Na hango su can cikin itatuwa, bayansu kamar duwatsu masu tafiya. Ma'aikaciyar ta raɗa wa Tela ya shirya, in sun sauko ruwa ta ƙarƙashinmu za su bi, har gashin idonsu zai gani. Ya goge tabarau. Sai iska ta juya, ta taso daga bayanmu ta nufe su. Babbar ta gaba ta ɗaga hanci sama ta tsaya cik. Ta juya, duk suka bi ta. Shi kuwa yana ta taɓa ni, wai ta ina zai duba. Ma'aikaciyar ta shaƙi iska, ta dube ni, ta kawar da kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na yi wanka da sabulun wanki muka koma. Tsuntsaye kawai muka samu.

Ban gaya masa ba. Kai ma ka riƙe bakinka.

Ka huta lafiya.
Amaryarka ta fari, Kaka.

Zuwa ga angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya jikin yarinyar taka? Takardarka ta iso, rubutun kamar kaza ta bi ta kan tawada, amma na karanta.

Ka ce mu koma da rani, lokacin da ruwa ke ƙaranci dabbobi su taru wuri guda. Allah ya saka, amma ka bar shi. Mun je wurin likita, ya ɗaga yatsu a gabansa, Tela ya ce shi farin bango kawai yake gani. Idon dama ya tafi, na hagun ma saura hayaƙi. Zare a allura yanzu ni nake zura masa, ya riƙe kawai don sabo.

Maƙwabta in sun zo dubiya sai ya ba su labarin giwa. Wai ya ji reshe yana karyewa, ya ji wani gurnani ƙasa-ƙasa har cikin ƙirjinsa, wanda ni mai ido ban ji ba. Rannan suka tambaye shi kunnenta, sai ya ce wannan kam bai samu dubawa ba. Na tashi na shiga madafa, ba abin da na ɗora.

Tun da muka dawo na jefa kwalbar a ƙasan akwati. Jiya na shigo da ruwan alwalarsa, na tsaya gabansa, sai ya juya yana yi wa ƙofa magana. Da na yi gyaran murya ya ce in je in shafa abin nan nawa. Ya ce tun a mota ya ji shi ranar, ya kuma ji gargaɗin ma'aikaciyar da kunnensa, amma bai hana ni ba, don tsoro yake ji kar ya ɓace mini a kan matakala. Wai giwa ta riga ta tafi, kar a haɗa masa da ni.

Na shafa. Amma har yanzu in na rufe ido sai in ga babbar nan tana ɗaga hanci, shi kuma yana goge tabarau.

Ka sha maganin tarinka. Tela yana gaishe ka.
Kakarka.

Af, ka rubuto wai amsar iska ce. Na san don ka rufa mini asiri ka faɗa. Iska ba ta da laifi. Turare ne.