Zaɓin Farko na Yayan Zinatu

Edgbaston, Birmingham
14 ga Janairu, 2013

Zuwa ga Alhaji Abdulsalam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mutanen gida gaba ɗaya. Yaya ƙafar taka? Ina fata ba ka ajiye maganin ba don ba na nan. Zinatu ta yi arba'in lafiya, jaririya sai ƙiba take. Na rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Na je Manchester kamar yadda ka umarta, na ga yayan Zinatu a ɗakinsa na Ardwick. Ya rame. Takardar digirinsa ta injiniya tana cikin akwati, bango kuwa cike da sunayen 'yan ƙwallo. Na yi masa faɗa mai yawa, na ce ba don ya zauna kallon ƙattai suna guje-guje aka turo shi karatu ba. Ya saurara kansa a sunkuye, wannan kam bai canza ba.

Ga halin da yake ciki. Ƙaramin kulob ɗin ƙwallon da ya ɗauke shi aiki shi ne na ƙarshe a teburin gasa, wasa goma sha ɗaya a jere ba su ci ba. Council, wato hukumar gari, ta janye taimakon da take yi musu na fili, kamar yadda ake janye komai a ƙasar nan yanzu, gwanayen 'yan wasansu duk sun watse. Mai kulob ya ce idan suka faɗa rukunin ƙasa a watan Afrilu zai sallami ma'aikata, kuma takardar zaman yaron nan da aikin take haɗe.

Abin da suke sa rai a kai shi ne wani gwaji a wata mai zuwa. Ƙananan kulob biyar za su tara samarin da manyan kulob suka sallama, su zaɓa bi da bi, wanda ke ƙasan tebur shi zai fara. Koci ya bar wa ɗanka zaɓin, kuma mai tsaron gida suka fi bukata.

To, Allah ya kawo sauƙi. Hajiya Batulu, matar Dakta Rabi'u, wadda ta tsaya a kan girkin sunan jaririyar tun daga safe har aka watse, ɗanta Habu gola ne kuma yana cikin masu gwajin. Na yi mata alkawari shi za a fara ɗauka. Na gaya wa ɗanka, na ɗauka ya ji.

Ka gaishe da Inna da su Raki.

Taka,
Kulu

Edgbaston
20 ga Fabrairu, 2013

Alhaji,

Sallama da gaisuwa. Na ji daga Raki cewa kana fita masallaci ba sanda, na gode wa Allah. Mu ma lafiya, sai sanyi.

Ɗanka ya kunyata ni. An yi gwajin, ya ɗauki wani gola ɗan unguwar Moss Side a zaɓin farko, wanda ko sunan ubansa ba mu sani ba. Ya ɗauki wasu uku bayansa, Habu ba ya ciki, sauran kulob ɗin ma ba su ɗauke shi ba. Ranar Lahadi a wurin karatun mata Hajiya Batulu ta amsa gaisuwata tana duban wayarta.

Ɗanka ya biyo jirgin ƙasa ya zo har nan don ya ba ni haƙuri. Na ce masa mutum ba ya rayuwa da takarda da lissafi kaɗai, akwai mutunci, akwai waɗanda suka tsaya maka ranar da kake bukata. Na ce a gida ko gwamna ne, idan uwarsa ta sa baki yakan duba. Abin da ya ce da ni shi ne: "Mama, sau uku na je kallon Habu ina addu'a ya fi wancan. Bai fi shi ba."

Wai Habu yana tsoron ƙwallon sama, wancan kuwa ba ya tsoro. Ya ce shi da kansa ya kira Habu ya gaya masa gaskiya, don kada ya ji a bakin wani. Na zuba masa tuwo a kula ya tafi da shi, amma tun daga ranar ban ɗauki wayarsa ba. Zinatu ta ce na cika tsanani. Na ce da tsananin ta zama likita.

Ka yi mana addu'a.

Kulu

Edgbaston
29 ga Afrilu, 2013

Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da kowa. Ka zauna sosai kafin ka karanta.

Ba su faɗa ba. Alhamdu lillahi, aikinsa yana nan, takardarsa tana nan.

Tun da sababbin yaran suka shiga aka rage cin su, suka riƙa hawa a hankali. Zinatu ce take karanto min sakamako duk Asabar, ina yi kamar ban ji ba. Aka zo wasan ƙarshe, ana bukatar ko da canjaras ne. Ta matsa sai mun je, na sa hijabi da rigar sanyi biyu muka tafi.

Fili ne ƙarami, kujeru na katako, iska kamar ta cire kunne. Kusa da ni wata mata ce mai suna Celestina, da kayan aikinta na gidan kula da tsofaffi a jikinta, daga aiki ta wuto. Ita ce uwar golan da ɗanka ya zaɓa. Ta ce tun da aka rufe wurin wasan matasa na unguwarsu kuma aka sallami ɗanta, wata shida bai fita daga ɗaki ba, sai da wani ɗan Najeriya ya je ya buga musu ƙofa ya ce ya zo gwaji. Ba ta san ko ni wace ce ba, ni ma ban faɗa ba.

Saura minti takwas a tashi aka ba abokan hamayya bugun daga kai sai mai tsaron gida. Matar nan ta riƙe hannuna, ni kuma ina karanta duk abin da ya zo bakina. Yaron ya tashi sama ya ture ƙwallon. Aka tashi babu ci. Na hango ɗanka a bakin fili ya yi sujada a kan ciyawa mai laka, da wandon da na san ba shi da wani mai kyau kamarsa.

Washegari na je gidan Hajiya Batulu na ba ta haƙuri. Laifin nawa ne, na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Ta karɓa, ko da yake ba ta sake sosai ba tukuna. Kai ma, Alhaji, ka daina ce masa ɗan tamaula a gaban baƙi. Har yanzu ban ce ƙwallo sana'a ce ba, amma an ba shi amana ya riƙe, har uwarsa ba ta iya karɓe ta daga hannunsa ba.

Saura abu ɗaya, kuma kada ka gaya wa Inna. Ka san ɗan fari ne, shekara ashirin da takwas bakina bai taɓa kama sunansa ba. Da muka isa filin, Zinatu ta tsaya neman wurin ajiye mota, ta ce in je in karɓi tikitin da ya bar mana. Tsohon da ke ƙofa ya tambaye ni baƙuwar wa ce. Na ce yayan Zinatu, ya duba takarda ya ce babu. Mutane sun yi layi a bayana. Na waiwaya, ba wanda ya san ni.

Na ce: "Ashafa. Ɗana ne."

Tsohon ya miƙe tsaye, ya buɗe min ƙofar da kansa.

Ina nan tafe ranar sha biyu ga wata mai kamawa. A gyara min ɗakina.

Matarka,
Kulu