Kwana Goman Hanatu

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa, ya gafarce ni da damun da zan yi masa. Don kaina na rubuta.

Shekara tara ke nan ni da matata Hanatu muna zuwa Umara a goman ƙarshe na azumi, kuɗin masauki kuwa kullum hawa yake. Bara na samu ƙasidar wani kamfani: mutum ya sayi kaso a ɗaki kusa da Harami, kwana goma nasa ne duk shekara, har shekara ashirin. Sau bakwai na karanta ta. Na tantance nisan ginin da masallaci, na tabbatar akwai lif saboda gwiwar Hanatu. Ta sayar da gonar gadonta ta Bungudu muka biya. Bara a ɗakin muka yi goman ƙarshe, tagarsa tana kallon hasumiya.

Yau na ɗauko yarjejeniyar domin neman biza. An rubuta: 11 zuwa 20 ga Afrilu. Bara wannan shi ne goman ƙarshe daidai. Bana 10 ga Afrilu ake sa ran Sallah.

Sau uku na duba kalanda.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na je wurin Alhaji Munzali, wakilin kamfanin a nan Gusau. Ya ce, "Malam Badamasi, kai fa ka ja layi da jan biro ƙarƙashin kwanakin nan." Gaskiya ne, na ja. Ya ce ai azumi zai sake zagayowa Afrilu. Na yi masa lissafi a gabansa: sai bayan shekara talatin. Ya yi dariya ya ce, "To, Allah ya ba mu tsawon rai." Musanya kuma, in ji shi, sai wanda kwanakinsa suka faɗa cikin azumin bana ya yarda. "Wa ka sani da zai saki?"

Shekara ashirin da shida ina aikin gwamnati, hutu da ƙarin girma duk a kan watan Bature suke. Ban tuna cewa azumi ba ya jiran kalandar ofis ba. Ni, da nake gyara wa mutane waƙafi a takarda.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Na rubuta takardar neman a mayar da kuɗi, shafi huɗu. Ban faɗa wa Hanatu ba.

Litinin, 11 ga Maris

An ɗauki azumi. Likita ya hana Hanatu, ya ce ƙodarta ta ƙara yin rauni. Ya ja ni gefe ya ce in akwai tafiyar da take so, kada a ɗaga ta zuwa baɗi. Na tambayi farashin otal na goman ƙarshe. Ba zan rubuta shi nan ba.

Ta sa an sauko da akwatinta daga kan kwaba. Na ce biza ce ta yi jinkiri. Ƙarya cikin azumi.

Lahadi, 31 ga Maris

Yau ya kamata mu wayi gari a Makka. Bayan la'asar na zauna bakin gadonta na fara bayani, da yarjejeniyar a hannuna, sakin layi bayan sakin layi. Ta katse ni.

"Malam, aje takardar nan. Ni da wata nike lissafi. Tun randa ka karanta man ita, kan a sai da gona, na gane."

Na ce mene ne ya hana ta magana?

"Mi zan ce? Rabon da in ga ka yi barci ba ka tashi duba farashin masauki ba, na mance. Ranar har waƙa ka yi a banɗaki, da wannan muryar taka."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Akwatin kuwa, wai so take ta ba ƙanwarta atamfofin da ke ciki.

Na fita tsakar gida.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Washegarin Sallah. Yau aka buɗe ɗakinmu na Makka. An shimfiɗa gado biyu, babu kowa.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi. Mun kai ta maƙabartar Tudun Wada bayan azahar.

Laraba, 15 ga Shawwal, 1445

Alhaji Munzali ya zo gaisuwa, ya raɗa mani cewa kamfani zai iya karɓar kason a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Na ce zan rubuto. Rabi'u, yayan Hanatu, ya gaya mani akwai tsofaffin mata a unguwarsu ta Bungudu da ba su taɓa ganin Ka'aba ba, kuma ba su damu da wane wata ba ne.

Takardar mai shafi huɗu tana nan, ban aika ba. Ga kwafin wadda na aika yau:

Ina roƙon kamfani, cikin girmamawa:

1. A janye batun sayar da kason. Ba na sayarwa ba ne.
2. A ba ni izinin tura mata biyu duk shekara su zauna a ɗakin, ko da ba ni cikin tafiyar.
3. A bar sunan Hanatu a yarjejeniyar yadda yake, kada a goge.

Ina jiran amsa a rubuce.