Kwando da Igiya

Da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa.

Ni ne Sha'aban ɗan Abdurradi, mai tuƙa tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, a garin Damanhur. Hankalina ɗaya nake rubuta wannan, duk da zazzaɓin da ke jikina. Wanda ya ce ciwo ne ke magana ya zo ya faɗa mini, amma daga gindin matakala. Rahaf da Ziyad, 'ya'yana, ku nake wa magana. Ba ku iya karatu ba tukuna, babarku Duha za ta karanta muku. Ta ɗaga murya, baffanku Sabri ya ji, don rabin zancen nasa ne.

Na ɗaya. Kun san dokar gidanmu. Tun girgizar ƙasar da aka yi ina jariri kakanku ya kafa ta: gobara ce, ruwa ne, harbi ne a titi, kowa ya sauko ɗakin ƙasa wurin kakarku Hajja Nawal, a ƙirga kawuna, a rufe ƙofa. Ta yi mana rana, ba na musu. Da annobar nan ta shigo gari na ce wa Sabri wannan karon a juya dokar, kowa ya zauna a benensa. Ya ce, "To malamin jaridar ƙosai, yanzu ka fi Baba sani ke nan?" E, a takardar da ake naɗe ƙosai na koyi karatu, kuma a cikinta na ga cewa cutar a numfashi take tafiya. Aka fi ni baki. Muka cunkushe a ɗaki ɗaya, kwano ɗaya na miyar lalo, taga a rufe wai kada iskar cuta ta shigo. Ashe da ita muka rufe ƙofar. Mun binne kakanku. Ni kuma ga ni a saman bene, ɗakin tattabaru, numfashi ɗaya sai na roƙe shi.

Ku riƙe wannan: ba ɗakin ne ke tsare mu ba. Abin da tsohon yake so kawai, a san kowa yana da rai. Dabarar da ta cece ku jiya, ku sake dubanta yau kafin ku bi ta. In wuta ce ku taru, in tari ne ku watse. In wani abin ne da ban sani ba, ku buɗe ido.

Na biyu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Kada a kafa mini rumfar makoki. Kada a jera kujeru, kada a dafa gahawa, kada mata su cika ɗakin Hajja suna rungumarta. Allah ne kawai ya tsallakar da ita a karon farko, ga ciwon suga. Na san Sabri zai ce, "Me mutane za su ce?" Yaya Sabri, bar su su ce. Bakinsu ba ya kai kowa kabari, tarinsu yana kaiwa. In ka tara jama'a a kaina, ka shirya rumfa ta uku.

Na uku. Tukunyar iskar nan da ke taimaka mini numfashi ta maƙwabcinmu Girgis tela ce. Da na gama da ita a wanke a mayar masa, tun kafin a yi mini wanka. Akwai mai jira a layin baya.

Na huɗu. Tuktuk na Duha ne, ta ba wanda ta yarda da shi ya ja. Littattafaina na Ziyad ne, har waɗanda ɓera ya riga shi karantawa. Tattabaru na bar wa Sabri, tunda yana son ƙirga kawuna.

Kada ku riƙe shi a zuci. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma ƙofa ɗaya ya sani. Tun da na hau nan kullum ina jin sawunsa a matakala, ya tsaya, ya koma. Na yafe masa. Na gaji da faɗa, wallahi na gaji.

Na biyar. Rahaf, kwandon da igiyar naki ne. Da shi babarki ke aiko mini da wake da burodi, ke kuma kina cusa zanen jakin nan mai ƙafa biyar. Daga yau ɗaura igiyar a barandarku. Kowace safiya ki zura shi ƙasa a hankali. In ya zo benen baffanki, shi baffan ya jefa wani abu a ciki, ko dabino ɗaya. In ya isa tagar Hajja, ta ja igiyar ki ji a hannunki. Ƙirgar kawunan ke nan, har Allah ya yaye. Ranar da ya yaye, ku sauko duka, ku ci a kwano ɗaya, ku bar taga a buɗe.

Allah ya raya ku, ya shirya ku, ya ba ku kunnen jin gaskiya ko daga bakin ƙaramin gida ta fito. Duha, ki yafe mini kaifin bakina. Gida ɗaya ne ku, ko bene nawa ya raba ku.

Rahaf, kada ki saki igiyar.