Na kira ɗana ɗan ƙwaya a gaban jama'a saboda ya ƙi cin tuwo da mu

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Tun farko in faɗa, ni ne mai laifi. Amma don Allah ku ba ni shawara.

Ni manomi ne a wajen Toranke, karatuna bai wuce firamare ba. Babban ɗana Nazifi shi ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. Da aka rufe makarantu saboda korona ya dawo, sai na ga kamar an canja min yaro. Na miƙa masa hannu, ya dafa ƙirji. Mu maza a gidanmu kwano ɗaya muke ci, shi ya ce a zuba masa nasa daban, ya kwashi tabarmarsa ya koma bukkar gona. Mahaifiyata Inna, wadda ta goye shi, ga ta da asma, daga tsakar gida yake gaishe ta, ko labulenta ba ya taɓawa.

Da farko na ce girman kan boko ne. Da damina ta kankama sai zargina ya koma wani wajen. Muna cikin noman gero zan waiwaya in gan shi zaune a kan kunya yana gyangyaɗi, fartanya a hannu, ido jawur, duk ya rame. Na fara bin sawunsa, har rigarsa nake shinshinawa. Ranar da ya tafi ɗebo ruwa na zazzage jakarsa, na samu wasu ƙananan ƙwayoyi a leda. Ban tambaye shi ba. Na nuna wa ƙanena da yake aiki a Ajingi, ya ce ai haka suke somawa. Da la'asar a majalisar ƙofar gida na ɗaga ledar, na ce jama'a su ga abin da na tura shi ya koyo. Yana tsaye a wurin.

Inna ce ta tono maganar. Wata safiya ya gaishe ta daga nesa, ta ce, "Kai maigida, sakina ka yi ban sani ba? Ba cefane, ba shigowa." Sai ya durƙushe a wurin yana kuka. Ashe abokin ɗakinsa a makaranta zazzaɓi da sarƙewar numfashi suka kama shi, Nazifi ne ya yi jinyarsa, ranar da zai taho gida aka bugo masa waya cewa abokin ya rasu. Tun daga nan yake ganin in ya matso kusa da Inna shi zai kashe ta. Ya yi shiru ne don kada a ce akwai korona a gidanmu a guje mu. In ya rufe ido numfashin abokin nan yake ji, shi ya sa ba ya barci. Ƙwayoyin kuwa, mai kemis a Gaya ya ce min maganin mura ne mai sa barci.

Yanzu an daɗe, ba zazzaɓi ba tari, amma barcin bai dawo ba, kuma yara sun liƙa masa sunan ɗan ƙwaya da ni na ba shi. Wani malamin asibiti ya ce a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ina tsoron a ce zancen ƙwaya ya tabbata. Ba zan ɓoye muku ba, har yau in na ga idonsa ja sai zuciyata ta raya min wani abu, in yi istigfari.

To yaya zan yi? In koma majalisa in wanke shi, alhali ya roƙe ni kada in ambaci korona? In kai shi asibitin ko in jira?

Jiya na ɗauki kwanona na same shi a bukka, na zauna nesa yadda yake so. Na ce, "Nazifi, kai kana kare uwata, ni ina tozarta ka. Ka yafe wa babanka."