Kwat ɗin Ulu a Zafin Roma

Baba, wa ya fara gaya mana cewa ƙasar Turawa sanyi ce zalla? Wane maƙaryaci ne?

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina rubuto maka daga unguwarmu ta Mansur a nan Makka, kuma zan karanta wa mutanen unguwa takardar nan a kan dakali, tunda kai ba ka da bakin magana yanzu.

Shekara ashirin kana saɓa garwa biyu kana kai ruwa gidajen Makka, rana ba ta taɓa kayar da kai ba. Ka san halinta. Ka jiƙa rawani, ka bi gindin bango, in azahar ta kawo jiki ka ajiye sanda. Kakan ce, "Rana sarauniya ce, ba a haɗa ido da ita."

Sai attajirin da muke yi wa aiki ya ce mu raka shi Roma ganin likita. Kai ka riƙe masa kaya, ni in karanta masa allunan hanya, tunda na koya wa kaina boko daga tsofaffin jaridu. Tun a Jidda ya raba ka da rigarka mai shan iska, ya sa maka kwat na ulu da takalmi sau-ciki, wai kada Turawa su yi masa dariya. Kowa ya sa albarka. Ai sanyi za ka tarar.

Muka sauka cikin azumi, a tsakiyar bazararsu. Wallahi duwatsun titi kamar tanda. Su masu garin sun san ranarsu, da tsaka suke rufe kantuna da tagogi su kwanta. Mu ne a waje, don attajirin yana son a ɗauke shi hoto gaban kangayen mutanen da, kai kuma kana bayansa da akwati.

Na roƙe ka ka sha ruwa, ai matafiyi ne kai. Ga famfo ko'ina yana zuba. Ka ce wanda ya yi azumi a Makka ba zai karya a garin sanyi ba. Kana ta duban sama kana jiran magariba irin ta gida, rana kuwa ta ƙi faɗuwa. Ba igwar shan ruwa, ba ladan. Sau biyu ka kai hannu ga maɓallin kwat, sau biyu attajirin ya ce, "Aibi, ya Musa, ana kallonmu."

A kan wata matakala ka faɗi. Na yage kwat ɗin, amma na makara.

Babana, da ƙafa ka tako daga Katsina har bakin Bahar Maliya don ƙasar Makka ta rufe ka. Ga ka can a gefen maƙabartar baƙi. Mu uku muka yi maka salla.

Yanzu ana raɗa a unguwa, wai ina aka taɓa jin zafi ya kashe ɗan garuwan Makka a Turai, wai sakaci na yi da kai. Inna ma ta daina kallon fuskata. Shi kuwa attajirin yana nan yana nuna wa baƙi hotuna.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga Alkausara, Ya tashe ka cikin mutanen Harami.

Ka yafe mini, Baba, ka hore ni da girmama ubangida, amma yau ba zan iya ba. Ina so ranar Juma'a bayan la'asar attajirin ya zo ƙofar gidanmu, ya tsaya gaban dattawa, inda Inna za ta ji daga bayan labule. Ya faɗa da bakinsa: wa ya hana ka cire kwat ɗin?

Ɗanka,
Iliyasu