Itacen Bakin Garke

Hlotse, 4 ga Yuli

Zuwa ga surukata 'Mamosa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da dabbobi da duk mutanen Ha Sekete. Ni dai ga ni a gidan 'yata Puleng, ƙugun da doki ya karya mini yana ɗinkewa a hankali. Likita ya ce ba zan hau tsaunukanmu ba sai Oktoba. Puleng ta mai da ni ƙwai, ko tari na yi sai ta taho da bargo na uku.

Abin da ya hana ni sukuni itatuwan perekisi ne, masu 'ya'yan marmarin nan da muke yanyankawa mu shanya. Shekara talatin ban bar hannun wani ya sa musu zarto ba, bana kuwa dole ke za ki yi. Kin sha riƙe mini tsani, to ki tuna abin da kika gani. Kada ki yi gaggawa, ki bari sai ƙarshen wata, sanyi ya fara sassautawa amma idon toho bai kumbura ba. Ki fara da busassun rassa, sannan masu gugar juna. Ki buɗe tsakiyar kowane itace kamar ƙwarya don rana ta shiga. Jajayen tsiran nan na bara su ke yin 'ya'ya, ki rage su kawai, kada ki share. Ruwa bokiti ɗaya duk mako, da tsakar rana, don na yamma daskarewa yake yi a saiwa.

Takwas za ki gyara. Babban nan na bakin garke ki bar shi. Ɗana Tlali, mijinki, shi ya dasa shi da hannunsa yana ɗan shekara goma, shi zai gyara abinsa in ya dawo daga aikin haƙar zinariya.

Salama, ruwan sama da wadata.
Ntate Khoabane

Ha Sekete, 2 ga Agusta

Ntate,

Ina gaishe ku da ladabi. Wasiƙarku ta iso, na gode Allah da sauƙin da kuke samu. Mosa ta rubuto daga makarantar kwana, tana gaida kakanta.

Na gama takwas ɗin kamar yadda kuka faɗa. Maƙwabcinmu Ntate Sekhonyana ya jingina da shinge yana kallona, ya ce, "'Mamosa, itace kike gyarawa ko aski kike musu? Tsoho zai dawo ya tarar da sanduna." Na ce, "Ntate, ku da naku suka zama gidan ɓera, ku bar ni da sandunana." Ya yi dariya, washegari ya aiko a ara masa zarto.

Amma akwai matsala. Dusar ƙanƙara ta sauka kwana uku a jere, har sai da na haƙa hanya zuwa garke. Babban itacen da kuka ce a bari, shekara bakwai ke nan ba a rage masa kaya ba, ya yi duhu, rassa sun hau kan juna. Nauyin ƙanƙara ya tsaga babban reshen da ke kallon gabas, tsagar ta gangaro kusan kamu uku cikin gindin. Ƙaro yana zuba, na sa wuƙa na duba, cikin ya yi baƙi. In ba a cire reshen ba ruɓar za ta ci gindin duka. Ina neman izininku.

'Yarku,
'Mamosa

Hlotse, 11 ga Agusta

'Mamosa,

Gaisuwa. Kin yi ƙoƙari da takwas ɗin. Na bakin garke kuwa ki haɗa tsagar ki ɗaure da igiyar fata, ki shafe da laka da kashin shanu. Zai jure. Tlali yana tafe da Kirsimeti in Allah ya yarda, shi zai ga abin da ya dace.

Salama.
Ntate Khoabane

Ha Sekete, 20 ga Agusta

Ntate,

Ina gaishe ku. Ku gafarce ni tun kafin ku karanta. Na yanke reshen.

Na ɗaure shi yadda kuka ce, iska ta tsinke igiyar a kwana biyu. Na yini ina kallonsa, sannan na ɗauko zarto. Na rage sauran rassan ma, kusan rabin itacen yanzu yana jibge a bayan ɗaki.

Tun da na taɓa abin da kuka hana, bari in faɗi sauran. Baban Mosa ba zai zo da Kirsimeti ba, ba zai zo da na baɗi ba. Kun tuna shekara huɗu da suka wuce da na ce zan je Maseru a cire mini haƙori, na yi kwana biyar? Welkom na je, garin da yake aikin haƙar zinariya. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Wata mata ta buɗe ƙofa da goyo, wani yaro yana riƙe da zanenta, kunnuwansa irin naku sak. Baban Mosa kuma ya fito da cokali a hannu, ya tsaya. Ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce, "Babu kowa." Ya ce, "To me ya kawo ki?" Matar ta kawo mini shayi, na sha, don ba ita ta yi mini alkawari ba. Ya raka ni tasha, bai tambayi Mosa ba sai da mota ta tashi.

Na dawo na tarar da ku zaune a ƙarƙashin itacen nan, wata uku da binne 'Mè, matarku. Kuka ce, "Ya haƙorin?" Na ce da sauƙi. Na ga kun rasa mata, ban iya in ce muku kun rasa ɗa ba. Tun daga nan duk shekara kuna cewa Kirsimeti, ni kuma ina cewa Allah ya kawo shi.

Yayana na Butha-Buthe ya daɗe yana cewa in koma gida, akwai aikin ɗinki a wurin matarsa. In abin da na yi ya fi ƙarfin haƙurinku, ina da wurin zuwa. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku sake ce mini Kirsimeti.

'Yarku,
'Mamosa

Hlotse, 29 ga Agusta

Ausi 'Mamosa,

Puleng ce. Ina gaishe ki, kuma tsohon bai san na rubuto ba.

Wasiƙarki ta kwantar da shi. Kwana biyu ko kunun dawa bai sha ba. Na zaci itacen ne, na ce, "Ntate, a kan reshe za ka kashe kanka a gidana?" Ya juya fuska bango ya ce, "Ta je Welkom, Puleng. Ita kaɗai, da ƙaryar haƙori."

Ausi, ya sani. Ya riga ki sani da shekara biyu. Da ƙafarsa ya je, suka yi faɗa har ya ɗaga wa Tlali sanda a gaban mutane. Ni ma na sani, ya sa na rantse. Tsoronsa kada ki ji ki ɗauki Mosa ki tafi, gida ya zama daga shi sai tumaki. Wannan maganar ta "itacen Tlali, kada a taɓa", da ita yake riƙe ki. Na sha gaya masa ba daidai ba ne, sai ya ce ni yarinya ce, alhali ina da jika.

Na ji kunyarki ƙwarai. In kin tashi tafiya ki tafi, ba wanda ya isa ya zage ki. Tsohon zan riƙe shi a nan, ya yi ta raina tuwona.

'Yar'uwarki,
Puleng

Hlotse, 3 ga Satumba

Zuwa ga 'yata 'Mamosa,

Ina gaishe ki, in za ki karɓi gaisuwata. Puleng ta faɗa mini ta rubuto miki. Bakinta ba ya riƙe ruwa, amma wannan karon ta fi ni gaskiya.

Ke kin yi shiru don tausayina. Ni na yi shiru don amfanin kaina. Ba ɗaya ba ne, kuma ba zan ce ɗaya ne ba. Kina da shekara ashirin da tara lokacin da na dawo daga Welkom. Da na buɗe baki a ranar, da wataƙila yanzu kina wani gida ana kula da ke. Wannan ba abin da zan iya mayar miki ba ne.

Na sa an rubuta wa mai gari cewa gonar gangare da itatuwa tara naku ne ke da Mosa, ko kina Ha Sekete ko kina Butha-Buthe. Ba don ki zauna na yi ba. Ke kika ɗebo musu ruwa daga rafi shekarun nan da gwiwata ta ƙi.

Batun reshen, kin yi daidai, da ni ne ma haka zan yi tun shekara biyar baya. In kin yanke shi a kwance ruwa zai kwanta a kai, ki sake gyara bakin a karkace, ki shafe da toka. Bana ba zai ba da abin kirki ba. Kada ki matsa masa da taki, ki bar shi ya huta.

Salama, ruwan sama da wadata.
Ntate Khoabane

Ha Sekete, 19 ga Satumba

Ntate,

Ina gaishe ku. A karkace na yanke shi tun farko.

Itatuwa sun yi fure, har na bakin garke ya fitar da kaɗan a ɓangaren yamma. Sanyi ya so ya ƙona su ranar Talata, na hura wuta da busasshen kashin shanu a tsakaninsu da asuba, hayaƙin ya tsare mafi yawa.

Na rubuta wa yayana cewa ba zan ba shi amsa ba sai na yanyanka perekisin bana na shanya, wato Fabrairu. Bayan nan ban sani ba. Fushina bai huce ba, Ntate, ba zan sake yi muku ƙarya ba. Ku aiko da ranar zuwanku in kai doki tasha. Na share ɗakinku.

'Mamosa